Kowia Biyu a Akwati Ɗaya

Imarak, Tanna
6 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Lesbet,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da zafin Vila. Mu nan lafiya lau, har ta yi yawa.

Ki ajiye abin da ke hannunki ki zauna. Naomi ta sauka! Namiji, kilo uku da ɗigo biyu, ranar Juma'a da hantsi. Wanki Pita ya zama uba, ni kuma na zama kaka. Yaron yana da kunnuwana, duk wanda ya ce miki na dangin uwarsa ne kada ki saurare shi. Mamanki kwana uku tana kankare rogo tana waƙa, laplap ɗin da take gasawa da shi a ganyen ayaba ya cika gidan har kaji sun ƙoshi.

Ga babban labarin. Jiya a nakamal, dandalin taron maza, gaban dattawa duka, na miƙe na sa masa suna Kowia. Sunan yayana, wanda ya zauna babu mai shi shekara goma sha shida tun da muka binne shi. Yanzu gonar da ta taso daga gindin cediya ta gangara zuwa rafi ta sami mai ita. Da kin ga fuskar dattijon nan Iauko! Shekara nawa yana zagaya sunan nan yana so wa jikansa. Ya ce, "Eli, ka yi gaggawa, yaron ko cibiyarsa ba ta faɗi ba." Na ce, "Ai kai taka ta faɗi tun zamanin Turawa, me ka tsinana da ita?" Har sarki sai da ya ƙware da ruwan kava da yake sha.

Na san za ki ce don me ban kira ki a waya ba. Ina da shekara hamsin da ɗaya na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana a ajin yamma na coci kafin in iya rubuta sunana. Ban sha wannan kunyar don in riƙa ihu cikin ƙarfe ba. Pita zai hau tudu ya ɗauki hoton takardar ya turo miki, kamar kullum.

Yaya aikin haɗa littattafan nan namu? Ki kula min da nawa na sunaye, da hannuna na rubuta shi.

Ki huta lafiya.
Babanki,
Eli Nariu

Vila
15 ga Mayu

Baba,

Barka, barka, barka! Na yi kuka a ofis har Madam Fiona, shugabata, ta ɗauka rasuwa aka yi. Ka gaida min Naomi da Mama. Na ga hoton. Kunnuwan na Naomi ne, ka yi haƙuri.

Aiki ya kusa ƙarewa. Ka san majalisar ƙauyukanmu tara tana da rajista uku a kwamfuta: ta asibiti, ta coci, da ta sunaye da filaye, wadda aka kwafa daga littafinka. Kowacce wani daban ne ya tsara ta, a shekara daban, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Asibiti na bin mutum da lambar kati, coci na bin sa da ranar baftisma, taka na bin sa da sunan gargajiya. Aikina shi ne in zana tsari ɗaya da zai ɗauke su duka, kafin a zuba bayanan wuri guda. Na zana babban akwati na rubuta masa "Mutum". Komai a jikinsa yake rataye: allurarsa, baftismarsa, gonarsa. In sunan gargajiya da nakamal suka zo ɗaya a rajista biyu, na'ura ta gane mutum ɗaya ne, ta haɗe su. Madam Fiona ta ce ba ta taɓa ganin zane mai tsabta kamarsa ba. Farkon Yuni za a fara aiki da shi.

Baba, tudun da Pita ke hawa ya turo hoton wasiƙarka, a kansa ake kiran waya. Na faɗa ne kawai.

'Yarka,
Lesbet

Imarak
3 ga Yuni

Lesbet,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, domin mu nan an ce mun mutu.

Yau da safe na saɓa jikana da kaina, na bi Naomi asibiti don a sa sunansa cikin masu rigakafin sati shida. Nas Rut ta danna na'urarku, ta danna, ta cire tabarau ta goge, ta sake dannawa. Ta ce, "Baba Eli, yaron nan ba ya cikin jerin."

Na ce, "Ki duba Kowia, nakamal na Imarak."

Ta ce, "Na gan shi. Ya rasu."

Naomi ta fizge ɗanta daga hannuna ta kara kunne a ƙirjinsa. Yaron kuwa yana ta tsotsar yatsa. Na ce, "Rut, ke kika yanke masa cibiya!" Ta ce, "Na sani, Baba. Amma ga shi nan: Kowia, ya rasu shekara goma sha shida da suka wuce, an yi masa baftisma sau biyu, nauyinsa kilo uku da ɗigo biyu." Yayana, mutumin da yake ɗaukar alade a kafaɗa ya hau tudu da shi, yau shi ne kilo uku!

Na ce to ta duba ni. Ta duba, ta rufe baki da hannu. Wai na rasu shekara saba'in da suka wuce, shekara biyu kafin uwata ta haife ni, amma duk wata ina zuwa awon hawan jini.

Ki saurara da kyau, nan babu wasa. Rut ta ce yanzu allura ba ta zuwa sai da lissafin da na'ura ta fitar, kuma na'ura ba ta lissafa matattu. Ranar goma sha tara ake rufe jerin, ranar ashirin da huɗu akwatin sanyi mai ɗauke da allurai zai sauka daga jirgi. Wanda ba ya ciki sai Satumba. Tarin shiƙa kuwa ya shiga ƙauyen tsallaken rafi, yara biyu suna kwance. Yara bakwai ne suka ɓace daga jerin Rut, duka maza. Matan duk suna da rai.

Wannan shi ne zanenki mai tsabta? Ki gyara.

Babanki, marigayi,
Eli Nariu

Vila
6 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Na gano abin da ya faru, kuma kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na'ura ta ga Kowia a rajistar asibiti, ta ga Kowia a taka da shekarar rasuwa a gefensa, nakamal ɗaya, sai ta haɗe su kamar yadda na umarce ta. Ko Rut ta raba su da hannu, washegari za ta sake haɗe su.

Ga hanya mafi sauri. Rut ta cire sunan Kowia daga kan yaron, ta bar masa na baftisma kawai, Joel. Minti biyu ne. Zai shiga jerin, ya sami allurarsa. In an natsu, nan da baɗi, sai mu san yadda za mu yi da sauran.

Amma tun da ka tambaye ni ko zanena ke nan, bari in ba ka amsa. Sau uku na rubuto wa dattawa ina roƙon a zauna da ni a bayyana min littafin. Sau ukun aka ce maganar suna maganar nakamal ce, nakamal kuma ba wurin mata ba ne. Kai ma kana cikin waɗanda suka sa hannu a amsar, na gane rubutunka. Ina shekara goma sha biyu ka sa ni a jirgin ruwa zuwa makaranta a Vila. Kafin nan, in rana ta yi sanyi kun taru shan kava, ni da Mama ta bayan gonar ayaba muke zagayawa don kada mu gan ku. Na san ana maimaita sunaye, kamar yadda ake yi ko'ina. Ban san gona a jikin sunan take ba, na ɗauka a jikin mutumin take. A ina kake so in sani? A littafinka kowane shafi suna ɗaya ne, da iyakar gona, da gicciye da shekara. Duk wanda ya gani zai ce mutum ne da ranar rasuwarsa. Akwai wata 'yar alama kamar ƙafar kaza a gefen wasu shafukan, wanda ya kwafa littafin a kwamfuta tun da can bai san amfaninta ba, ya bar ta.

Ka ce wa Rut ta cire sunan. Don Allah, Baba.

Lesbet

Imarak
9 ga Yuni

'Yata Lesbet,

Bayan gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau huɗu a wayar Pita, har ya ce in ba shi abinsa wuta za ta ƙare.

Ba za a cire sunan ba. Ba taurin kai ba ne, ki ji dalili. Ƙarshen watan nan majalisa za ta buga sabon littafin sunaye daga na'urar nan taku, a karanta a kowane nakamal, sarakuna su sa hannu. In an karanta "Kowia, babu mai shi" a gaban jama'a, Iauko ba zai bari a kai ƙarshen layin ba zai miƙe da jikansa a hannu. Kuma gaskiya za ta zama tasa, tunda takarda ta faɗa. Yaron zai sami allura ya rasa ƙasar da zai taka. Na faɗa wa Naomi haka, ta ce, "Baba, ƙasar me zai taka in tari ya ɗauke shi?" Ta rungumi ɗanta ta fita. Tun jiya ba ta kawo min shi na ɗauka ba. Mamanki ma ta daina waƙa, kwanona dire min shi take yi kamar tana ba kare.

Game da sauran maganarki. Na zagaya gonar ayaba yau, ta inda kuke bi. Hanyar tana da nisa, ban taɓa sani ba. Rubutuna ne a amsar, ba na musu.

To ga abin da ya kamata in gaya miki tun kina ƙarama, ki karanta wa Madam ɗinki ma. Suna ba mutum ba ne. Suna kamar kujera yake a nakamal. Kujerar tana nan, gonarta tana ɗaure a ƙafarta, da wurin zamanta, da wanda take aurar wa 'ya'ya. Mutum ya zo ya zauna, ya tsufa, ya tashi, kujera ta jira wani. Kowia bai mutu ba. Yayana ne ya mutu. Gicciyen da nake yi yana nufin kujera ta zama fanko a shekarar nan. Ƙafar kazar nan da kuka yar, ita ce alamar wani ya sake zama. Ban rubuta wane ne ba domin kowa a nakamal ya sani, kuma a lokacin da na fara littafin shafi ɗaya yakan cinye min yamma guda.

Ga zane na yi miki a bayan takardar. Kujera ce da mutum uku a layi. Pita ya ce ta fi kama da alade, ki yi haƙuri da ita.

Saura kwana goma. Ke kika yi karatu. Ki samo hanyar da jikana zai zauna a kujerarsa kuma yana numfashi.

Babanki,
Eli

Vila
12 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa gare ka da Mama. Aladenka ya fi zanena daidai.

Na kai wa Madam Fiona, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wata huɗu muna zana abu ɗaya alhali abu biyu ne. Na yage akwatin "Mutum" gida biyu. Yanzu akwai akwatin Mutum, akwai akwatin Suna. Allura da baftisma da ranar mutuwa suna jikin Mutum. Gona da nakamal suna jikin Suna. A tsakaninsu na ja layi mai ɗauke da abu biyu: yaushe ya zauna, yaushe ya tashi. Suna ɗaya zai iya ɗaukar mutum goma, amma ɗaya bayan ɗaya. Da haka rajistar asibiti da ta coci da taka duk suka shiga, ba wadda aka murɗe wa wuya.

Sai dai zane ba ya cika kansa. Sunaye ɗari da arba'in da biyu ne. Kowanne ina bukatar sanin wa ya riƙe shi a da, wa ke riƙe da shi yanzu, tun yaushe. Wannan ba ya cikin kowace rajista, yana cikin kan dattawa. Ba zan iya gyara na Kowia kaɗai ba in bar sauran yara shida a kabari.

In ka ce za ka rubuto min da hannu, shafi ɗaya duk yamma, za mu gama yaron yana da gemu. Ina so dattawa su gaya min da bakinsu, a waya, in tambaya su amsa. Ni, mace. Ina bukatar kwana biyu na gwaji, don haka ranar sha bakwai ce iyaka. In ba su yarda ba, ranar sha takwas zan kira Naomi, ba kai ba, ita za ta yanke hukunci a kan ɗanta.

'Yarka,
Lesbet

Imarak
17 ga Yuni

Lesbet,

Gaisuwa a gajarce, muryata ta dishe, hannuna ne kawai ya rage.

Ke kin ji abin da aka faɗa a waya, amma ba ki ga yadda aka kai ga wayar ba, kuma sai na gaya wa wani ko kaina ya fashe.

Ranar sha uku na kai maganar nakamal. Sarki ya ce a'a tun ban rufe baki ba. Iauko ya ce, "Yau 'yar Eli za ta ji sunaye, gobe ta zo ta tauna mana kava." Aka yi dariya. Na bari suka gama. Na ce, "Iauko, yaushe rabonka da karɓar maganin sukarinka?" Ya ce sati biyu ke nan Rut na ce masa maganin bai zo ba. Na ce, "Ba zai zo ba. Ba a aika wa gawa magani." Na zaro takardar da Rut ta buga min na fara karanta sunayen mamatan. Cikin mutum goma sha tara da ke zaune, sha huɗu sun rasu. Sarki ma ya rasu, tun kafin a sami 'yancin kai. Iauko ya ce, "Ni? Wa ya kashe ni?" Na ce, "Ni da kai, ranar da muka sa hannu a takardar nan muka ce kada a gaya wa Lesbet komai."

Duk da haka kwana biyu aka yi ana jan magana. A ƙarshe wani tsoho ya ce doka ta hana mace shiga nakamal, amma ba ta hana nakamal fita ba. Shi ya sa jiya da yau kika ji mu da sassafe a kan tudu, tsofaffi sha tara a kan tabarmi cikin tokar dutse mai aman wuta, iska na kwashe mana hula. Ni na riƙe wayar sama kamar mai miƙa hadaya, awa biyar jiya, awa shida yau. Kafaɗata ba tawa ba ce.

Kuma ke ma ba ki da sauƙi. "Wace shekara?" "Wace shekara?" An ce miki shekarar da guguwa ta ɗauke rufin coci, kin ce wace guguwar, sau uku aka ɗauke shi. An ce shekarar da alade ya ciji fasto, kin ce wane faston. Amma na lura da wani abu. Da kika kama sarki ya sa mutum biyu a kujera ɗaya shekara huɗu, sai ya ce, "Yarinyar nan ta yi gaskiya, ɗayan riƙo aka ba shi." Daga nan ba wanda ya sake cewa "'yar Eli". Lesbet suke cewa.

Da aka zo kan Kowia, kin ji wanda ya amsa? Ba ni ba ne. Iauko ne ya matso ya sa bakinsa a jikin wayar kamar zai cije ta, ya lissafa miki mutum huɗu, ya ce, "Na biyar jaririn Pita ne, tun biyar ga Mayu. Ki rubuta, ki kuma tashe ni, ina son maganina." A hanyar gangarowa ya ce min kada in ɗauka ya yafe, kujerar ta fi dacewa da jikansa. Na ce na ji.

Saura ke. Naomi ta kawo min yaron da yamma ta ɗora min a cinya ta juya ta tafi. Ban san ko sulhu ba ne ko gargaɗi.

Allah ya ba ki sa'a.
Babanki,
Eli

Imarak
24 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa da godiya.

Akwatin sanyi ya sauka. Rut ta tsaya a ƙofa da takarda ta kira, "Kowia na Imarak, sati bakwai!" Na amsa da ƙarfi har ta ce ba ni ake kira ba. An yi masa a cinya. Ya tsala ihun da aka ji a tsallaken rafi, ni kuma ina ta dariya, Naomi tana harara ta. Duka bakwai ɗin sun samu. Yayana ya koma ya kwanta da nauyinsa na gaskiya.

Na manna sabon zanenki a shafin farko na sabon littafin sunaye, na rubuta sunanki a ƙasa. Ranar Asabar za a karanta littafin a nakamal, kuma daga shafin farko ake farawa. Sarki ya ce a tsallake shi. Na ce mai karatun ni ne.

Ki kira ni ranar Lahadi bayan coci. Zan hau tudun da kaina. Kuma ki sake duba hoton da kyau, kunnuwan nawa ne.

Babanki, mai rai,
Eli Nariu